Yadda Ake Sassaƙa Ƙaramin Mutum-mutumi da Green Stuff

Ma'auni ake fara tsayarwa. A sikelin 1:35, wato a raba girman gaske gida 35 a ɗauki ɗaya, mutum mai tsawon santimita 175 yana komawa milimita 50. Kansa kusan milimita 7 ne, ƙafafu kuma suna rabuwa a tsakiyar tsawon, wajen milimita 25. Zana wannan a takarda, ka riƙa gwadawa a kai.

Sai ƙwarangwal. Samu wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 1, ka murɗa biyu da filaya su zama gangar jiki, ka raba ƙasansu su zama ƙafafu. Bar rarar santimita 2 a ƙarƙashin kowace ƙafa, ka soke a guntun katako, domin shi za ka riƙa riƙewa. Lanƙwasa gwiwa da kafaɗa tun yanzu. Tsayuwar da ta karkace a waya, babu kwaɓin da zai gyara ta.

Green Stuff kwaɓin sassaƙa ne da ke taurarewa bayan an haɗa shi, yana zuwa da kala biyu manne da juna, ruwan ɗorawa da shuɗi. Yanke tsakiyar inda suka haɗu ka yar, don wurin ya riga ya taurare, zai bar maka gudaji. Murza su daidai wa daida har su koma kore. Idan ruwan ɗorawa ya fi yawa, kwaɓin zai yi laushi da danƙo. Idan shuɗi ya rinjaya, zai fi tauri. Kada kwaɓi ɗaya ya wuce girman ƙwayar wake, saboda cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu zai daina juyuwa, a lokacin zafi ma bai kai haka ba.

Inda aka fi ɓata aiki shi ne gaggawar gamawa a zama ɗaya. Shafa siririn kwaɓi a kan wayar, ka bar shi ya kwana. Washegari ka ɗora tsoka, ta bushe, sannan tufafi, sannan fuska da hannaye. Wanda ya taɓa sabon wuri alhali na kusa da shi bai bushe ba, zanen yatsansa zai tarar a bayan rigar. Kuma ka sa jikin ya fi siranta fiye da yadda ido ke so, tunda riga za ta ƙara masa kauri.

Jiƙa allura ko abin sassaƙarka da ruwa ko ɗan basilin don kada ya manne. Amma basilin yana hana sabon kwaɓi da fenti kamawa, sai an wanke da sabulu.

Takobi, bindiga da duk abu mai kaifin gefe, yi su da Milliput, wani irin kwaɓin sassaƙa daban, don shi yana karɓar sanfefa, Green Stuff kuwa yagewa yake yi. Wanke hannu bayan aiki, kwaɓin yana sa wa wasu ƙaiƙayi.