Yadda Za Ka Kalli Fina-finan Soyayyar Ƙaddara Ba Tare da Sun Ruɗe Ka Ba

Tun wajen shekarun 1950, lokacin da fina-finan Indiya suka fara samun karɓuwa a gidajen silima na Kano, labari guda ake maimaita mana: saurayi da budurwa su haɗu kwatsam, iyaye su shiga tsakani, a sha wahala, a ƙarshe rabo ya rantse. Fina-finan Hausa sun gaji wannan zubi, kuma da ma sun tarar da karin maganar da ke mara masa baya, wato matar mutum kabarinsa. Kallon irin waɗannan fina-finai yana da daɗi, yana kuma tausasa zuciya, amma yana buƙatar lura.

Abu na farko shi ne ka riƙa ƙirga haɗuwar da aka yi ba da shiri ba. A fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, wanda silimar Maratha Mandir ta Mumbai ta shafe fiye da shekara 25 tana nunawa, jarumin ya miƙa hannu ya jawo jarumar cikin jirgin ƙasa a farkon haɗuwarsu, sannan aka maimaita hakan a ƙarshe bayan mahaifinta ya sake ta. Mai kallo yana jin cewa rubutacce ne, kuma gaskiyarsa, sai dai marubucin labarin ne ya rubuta, ya tsara lokacin tashin jirgin domin ya dace da bukatarsa.

Daga nan sai ka lura da inda fim ya tsaya. Galibi a ranar biki ake rufe labari, kafin a zo maganar kuɗin haya da cefane, da zama da dangin miji, da rashin lafiyar yara cikin dare, alhali a nan ne ake gane ko mutum biyu za su iya zama tare. A shekarar 1998 wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka mai suna C. Raymond Knee ya bambanta masu ganin cewa dacewa tun fil'azal take da masu ganin cewa gina ta ake yi, ya kuma gano cewa na farkon sun fi saurin janyewa idan farkon tarayyar bai yi musu daɗi ba. Dalilin a fili yake: wanda ya ɗauka cewa abokin zamansa na gaskiya ba zai taɓa ɓata masa rai ba, da an yi saɓani sai ya ce ashe ba wannan ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake mayar da naci ya zama jarumta. Yarinya ta ce ba ta so, saurayi ya ci gaba da bibiyarta har ƙofar gida da makaranta, fim kuwa ya ba shi gaskiya saboda wai an halicce su don juna. Duk inda ka ga haka, ka cire kiɗan da ke tashi a ƙasa, ka tambayi kanka ko za ka yarda a yi wa ƙanwarka.

Ka kuma raba ƙaddarar fim da wadda muka yi imani da ita. Ƙaddara ba a saninta sai ta auku, saboda haka ba ta zama hujjar zaɓen miji ko mata, kuma shi ya sa aka tanadi istihara da shawarar magabata da bincike kan hali da sana'a da asali. Idan kuna kallo da ƙanne ko 'ya'ya masu tasowa, ka dakatar da fim ɗin a wurin da jarumin ya ce ba zai rayu ba sai da ita, ka tambaye su abin da ya sani game da halinta zuwa wannan lokaci, kuma ka ba su dama su amsa da kansu.