Yadda za ka nazarci dangantakar Japanawa da Koriyawa daga nan Yamai

Ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni da ke kawo mini wannan batu, kusan kowannensu da mulkin mallakar da Japan ta yi wa Koriya daga 1910 zuwa 1945 yake son farawa. Ni ina ce musu su ja baya tukuna.

Fara da taswira. Dubi ruwan da ke tsakanin birnin Busan na Koriya da Fukuoka na Japan, da tsibirin Tsushima a tsakiya. Ta nan abubuwa suka riƙa tsallakawa. A ƙarni na 6, masarautar Baekje ta Koriya ce ta kai wa fadar Japan addinin Buddha. Dukansu da haruffan Sin suka fara rubutu. Japanawa suka sassaƙo nasu haruffan da ake kira "kana" daga cikinsu, kamar yadda malamanmu suka lanƙwasa haruffan Larabci ya zama ajami, Koriyawa kuwa sarki Sejong ya ƙirƙiro musu haruffan Hangul a 1443.

Daga nan ka samu littafin rubutu, ka ja layi a tsakiyar kowane shafi: dama ga abin da Japanawa ke faɗa, hagu ga na Koriyawa. Wannan ne aikin da na fi damuwa da shi. Hideyoshi, mai riƙe da mulkin Japan a lokacin, ya kai wa Koriya yaƙi daga 1592 zuwa 1598, aka kwaso magina tukwane zuwa tsibirin Kyushu na Japan. Ɗayansu, Yi Sam-pyeong, a garin Arita na Japan ana girmama shi a matsayin uban sana'ar tangaran. A ɗaya gefen shafin kuwa mutum ne da aka raba da ƙasarsa. Haka Sohn Kee-chung, ɗan Koriya da ya ci gudun fanfalaki a gasar Olympics ta Berlin a 1936 da tutar Japan a ƙirji. Jaridar Dong-A Ilbo ta Koriya ta goge tutar daga hotonsa, hukumar mulkin mallaka ta dakatar da ita. Rubuta duka biyun, kada ka yi saurin yanke hukunci.

Ka ware shafuka ga Zainichi, Koriyawan da ke zaune a Japan, galibinsu can aka haife su, musamman na unguwar Ikuno a Osaka. Da yawansu Japananci ne harshensu na yau da kullum, wasu suna da suna biyu, na gida da na waje. A wurinsu tambayar "ɗan ina ne kai?" ta fi zafi.

In kana karatu da Faransanci a intanet, lura da sunan da marubuci ya ba tsibiran da ake jayayya a kansu, Dokdo (sunan Koriyawa) ko Takeshima (sunan Japanawa), ka sa bayaninsa a gefen da ya dace.