Kurakuran da aka fi yi wajen toshe yoyon tagar katako

Tsofaffin gidajen Bauchi da yawa, musamman waɗanda aka gina tun shekarun 1960 da layin dogo ya iso garin, har yanzu tagoginsu na katako ne, kuma da zarar ruwan Agusta ya kankama sai a ga danshi ya zana taswira a bangon da ke ƙarƙashinsu. Abin da ke kayar da masu gyara shi ne mantawa da cewa katako yana motsi: yakan kumbura da damina, ya tsuke da hunturu.

Shi ya sa cusa siminti tsakanin firam da bango ya zama babban kuskure, ko da yake shi ne abin da hannun birkila ya fi saurin kaiwa gare shi. Siminti ba ya miƙewa, don haka idan katakon ya ja jikinsa a watan Janairu sai wata siririyar tsaga ta buɗe, wadda farce ma ba ya shiga, amma ruwa yana bi ta cikinta ya kwanta a bayan firam ɗin inda iska ba ta kaiwa. Daga nan ruɓa take farawa, gara kuma ta samu gida. Abin da ya dace shi ne a kankare tsohon simintin, a share ƙura, a tura soso ko igiya a cikin ramin idan yana da zurfi, sannan a bi da abin liƙi mai taushi irin silikon, kaurinsa kamar rabin faɗin ramin. A gidan ƙasa kuwa siminti ba ya kama bango da kyau. Yaɓen ƙasa da makuba ya fi shi amana.

Silikon ma ba kowanne ba ne. Mai warin tsami da ake liƙa gilashi da shi ba ya riƙe filasta sosai, fenti kuma ba ya zama a kansa, saboda haka a nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa na waje ne kuma yana karɓar fenti. Kada a shafa shi a kan jiƙaƙƙen katako, ko kan wanda aka yi wa baƙin mai don korar gara, domin zai ɓare kamar ɓawon ayaba. Watan Maris zuwa farkon Afrilu ya fi dacewa da aikin, da safe kafin rana ta gasa bango.

Wasu kuma sukan toshe wurin da ba nan ne ɓarakar ba. A ƙasarmu hadari ya fi tasowa daga gabas, kuma sau da yawa ruwan daga indararo yake fantsamowa, ko daga tsagar da ke saman linta, wato ginshiƙin da ke kwance a kan taga yana ɗauke da bango, ya gangaro ta cikin bango. Mutum ɗaya ya tsaya a ɗaki, wani ya riƙa zuba ruwa da buta daga waje, ya fara daga gindin taga yana hawa sama sannu a hankali. Inda danshi ya fara bayyana, nan ne aikin yake. A duba gindin tagar ma, don idan ya karkata zuwa ciki, ko kwali guda na silikon aka ƙarar ruwa zai shigo.

Kafin a kashe ko sisi, a danna bakin sukundireba a kusurwoyin firam na ƙasa. Idan ya nutse kamar a cikin burodi, ko ƙasar gara ta zubo, a kira kafinta ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya dasa sabon katako mai ƙwari irin maɗaci, a shafa masa maganin gara, a bar shi ya bushe tukuna.