Yadda ake kiran agajin gaggawa a Makka

Maniyyata suna yawan tambayata, ga matakan:

1. Tun kana gida, adana lambobi biyu a wayarka: 911 ta gaggawa, 997 ta motar asibiti.
2. Da ka sauka, sayi layin Saudiyya.
3. Sa katin masaukinka cikin ɗamara, tunda harami ba shi da aljihu.
4. In wani ya yanke jiki ya faɗi, kira 911.
5. Fara da faɗin inda kake. Hattara, nan ake kuskure! "Kusa da Ka'aba" bai isa ba. Ƙofofin masallacin suna da lamba, ɗaga kai ka karanto.
6. In Larabci ya gagara, miƙa wa askar (jami'in tsaro) wayar.
7. Kada ka katse kiran sai sun sallame ka.
8. Sanar da jami'in alhazanku.