Yadda ake gane sabon tsiron magani a China

To da farko dai kar ka yarda da sunan da mai saida magani ya faɗa maka. A China suna ɗaya kan hau kan tsirrai biyu, kamar sunan maganin nan fang ji, ɗaya Stephania tetrandra ɗaya Aristolochia fangchi, a farkon shekarun 1990 aka musanya su cikin maganin rage ƙiba a Beljiyam, mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace. Saiwa in ta bushe aka yayyanka ta duk kamarsu ɗaya.

Don haka sai ka bi tsiron har inda ya fito, wato irin duwatsun Yunnan da Guizhou da Guangxi. Ka nemi izinin hukuma, ka samu dattijon da ya saba haƙar saiwa ya maka jagora, kuma ka je lokacin fure, don ganye kam maƙaryaci ne, na inuwa daban na rana daban alhali tsiro ɗaya ne. Ka ɗau hoto, ka rubuta GPS da kalar furen nan take tun yana ɗanye, in ya bushe ruwan ƙasa zai koma ka rasa ta cewa.

Sai matsewa. Ka shimfiɗa shi cikin tsohuwar jarida har da saiwar, kwali sama kwali ƙasa, katako biyu ka ɗaure tamau, kullum ka canja jaridar in ba haka ba fumfuna ta cinye maka wahalarka. Ka yagi ɗan ganye ka jefa a leda da silika, irin ƙwayoyin nan na cikin kwalin sabon takalmi, wannan na gwajin DNA ne.

Yanzu aka zo wajen. Ka buɗe Flora of China, kundin tsirran China wanda aka kammala a 2013, tsirrai sama da 31,000 ne a ciki, sannan ka je ma'ajiyar busassun tsirrai ta Kunming ko ta Beijing ka jera naka kusa da danginsa, kana ƙirga sassan fure da gilashin ƙara girma. Gaskiya yawanci nan murna ke komawa ciki, sai ka tarar wani fada Bafaranshe, Delavay, ya riga ka tsinko shi a Yunnan tun shekarun 1880.

In ya tsallake wannan sai leb, wato ɗakin gwaji, a karanta sassan DNA ɗinsa da ake kira ITS2 da psbA-trnH a gwada da na danginsa. Amma DNA kaɗai ba ta isa, sai siffa ma ta nuna bambanci.

Daga nan ka ware samfur guda ka ajiye a ma'ajiya ya zama shaida, ka raɗa masa suna na Latin, ka rubuta bayaninsa da Latin ko Turanci, tun 2012 aka yarda da Turancin, ka tura wa mujallar masana tsirrai su tantance. Zancen ko yana magani ko guba ne kuwa, wannan sai masu sinadarai sun gwada, kar ka ce bari in tafasa in ɗanɗana.