Babi na 6: Askin Zogale a Gida da Garka

Darasi na 1: Ku san itacenku

Iyayena da ƴan uwana, kafin kowa ya taɓa wuƙa, ya tuna zogalen gidansa. Da yawanku kun kawo mini kuka iri ɗaya: itacen ya miƙe ya wuce katanga, siriri kamar gora, ganye yana can ƙololuwa, sai an sa ƙugiya kafin a samu na miya. Zogale, wanda wasunmu ke kira el-makka, itace ne mai saurin girma. In ya samu ruwa yakan kai mita 3 ko 4 a shekararsa ta farko. In an bar shi, sama zai yi ta tafiya da kara guda. In an datse masa kai, sai ya fitar da rassa ta gefe, ya yi gajere ya buɗe, har uwargida ta ɗebi na dambu ko na kwaɗo tana tsaye a ƙasa. Wannan datsewa ita muke kira aski a wannan babi.

Kalmomi uku za mu riƙe. Ku karanta da ƙarfi, sannan ku rubuta kowace sau biyar: kai, gaɓa, ido. Ku lura da ɓ na gaɓa, yana da ƙugiya a sama. In kun bar ƙugiyar kun rubuta gaba, wata kalma ce dabam.

Kai shi ne can saman itace, inda sabon toho mai laushi yake. Gaɓa ita ce wurin da ganye ya manne da kara. Ido kuwa ɗan ƙulli ne ƙarami da ke ɓoye a hammatar ganye, wato tsakanin ganye da kara. Daga idon nan sabon reshe yake fita. Ku je wurin itacen ku sa yatsa ku taɓa shi. Kada ku ce kun gane daga littafi, ku taɓa.

Akwai abu guda da ke ruɗa kusan kowa. Dogon abin nan mai ƙananan ganyaye da yawa, wanda ake ɓallewa a kai kasuwar Dole ta nan Damagaram a ɗaure, ba reshe ba ne. Ganye ne guda ɗaya, duk tsawonsa. Reshe yana da gaɓoɓi da idanu, kuma yana ci gaba da girma. Wanda ya ɓalle ganye bai yi aski ba, girbi ya yi.

Darasi na 2: Askin farko

Ku tanadi wuƙa mai kaifi, ko sabuwar reza, ko almakashi. Ku wasa wuƙar, ku wanke ta da ruwa da sabulu, ku goge. Aikin na safe ne, bayan asuba kafin rana ta ɗaga.

Ana askin farko lokacin da itace ya kai santimita 60. In ba ku da abin awo, hannunku ya isa. Ku buɗe hannu, daga babban yatsa zuwa na tsakiya taƙi ɗaya ke nan, wajen santimita 20. Taƙi uku daga ƙasa, santimita 60. Ga babban mutum, itacen zai ɗan wuce gwiwa. Wanda bai kai gwiwa ba, a ƙyale shi tukuna.

To, ga wurin da nake so ku ba ni hankalinku duka. Abin da za a cire santimita 10 ne, kuma daga sama ake aunawa. Daga sama. Ku ɗora tafin hannu a gicciye a kan kai, faɗin tafin tare da babban yatsa wajen santimita 10 ne. Inda hannu ya ƙare, ku nemi gaɓa mafi kusa. Ku ga idonta. Ku yanke a saman idon, ku bar masa kamar faɗin farce. Abin da zai faɗo hannunku ɗan guntu ne mai laushi. Itacen da ya saura a ƙasa shi ne mai yawa.

Mu sake. Hannun hagu ya riƙe kara a hankali. A auna tafi ɗaya daga sama. A nemi gaɓa. A ga ido. A yanke sama da ido. Yankan ya zama a karkace, yadda ake feƙe alƙalamin kara a makarantar allo, don ruwa ya zurare kada ya kwanta a kan ciwon. Bugu ɗaya, kada a yi ta goga wuƙa gaba da baya.

Na san hannu yakan yi rawa a karo na farko. Mutum ya yi wata biyu yana sayen ruwa wurin mai garuwa yana ba itace, yau kuma a ce ya sa masa wuƙa. Ku kwantar da hankali. Zogale ba ya mutuwa don an cire masa tafi ɗaya. Bayan kamar mako guda za ku ga idanun da ke ƙasa da yankan sun fashe, ƙananan rassa suna leƙowa. Ranar nan za ku yi murna, in sha Allahu.

Ku rubuta wannan jimla sau uku: Daga sama ake auna, sama da ido ake yanka.

Darasi na 3: Askin farko kuma

Da na so mu wuce gaba, amma abin da na gani da na zagaya gidaje ya sa dole mu koma baya.

A wani gida a unguwar Birni na tarar da wani dattijo daga cikinku ya auna tafinsa daidai, amma daga ƙasa ya fara. Ya bar ɗan kututture da bai fi yatsa ba, ya riƙe itacen duka a hannu yana nuna mini. Na ce, "Baba, ina kai?" Ya ce, "Ga shi nan, Malam, na cire shi gaba ɗaya." Baba bai yi ganganci ba, ya ji 10 ya riƙe, sai dai ya manta daga inda ake fara lissafi. Mun kewaye kututturen da ƙaya saboda awaki, muna ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Zogale yakan sake toho ko daga ƙasa, amma an yi asarar makonni.

A unguwar Zango kuma wata inna ta karya kan da hannu, ɓawon ya tsage ya bi kara har taƙi guda. Itacen zogale laushi gare shi, bai da ƙarfin gawo ko bagaruwa. In ya tsage, wurin yakan bushe ko ya ruɓe. Inna, wuƙar da kike yanka albasa da ita ta isa, a wasa ta kawai.

Waɗannan biyu sun gwada, na yaba musu. Waɗanda suka ɓata mini rai su ne waɗanda ba su taɓa itacen ba sam. Mako biyu ke nan ina faɗa. Wani ya ce tausayi yake ji, wani ya ce sai gobe, wata ta ce maigida ya hana. Haba jama'a! Kun bar sana'arku kun zo kun zauna a kan tabarma, kun rubuta jimlar sau uku, sannan kun koma gida kun naɗe hannu? Itacen ba ya jiran ku. Kullum yana ƙara tsawo, karansa yana ƙara tauri. Masu garka a Mirya, kilomita 18 kawai daga nan, ba sa barin itacen ganye ya tsere musu sama, don sun san a ganye kuɗin yake. In maigida ne ya hana, ki kawo shi aji, ko ki karanta masa darasi na 1 da bakinki, ai don haka kika koyi karatu.

Saboda haka kowa ya tashi tsaye. Ku ɗauki karan dawa ku kafa shi a ƙasa, shi ne itacenmu na yau. Ina sama? Ku nuna. Ku ɗora tafi. Ina gaɓa? Ina za a yanke, sama da ido ko ƙasa da shi? Sama. In kun yanke ƙasa da ido, kun jefar da idon, kun bar dogon kara marar amfani wanda zai bushe. In kun yanke a kan idon daidai, kun kashe shi. Sama da ido, faɗin farce, a karkace. Ku maimaita har sai hannu ya saba ba tare da kun duba littafi ba.

Bayan aski a ba itace ruwa da yamma. Mun san wahalar ruwa a Damagaram, ba sai an tuna wa kowa ba. Ruwan alwala da ruwan wankin gero sun wadatar, amma ban da mai sabulu. Kada kuma a cika har ya kwanta a gindi, saiwar zogale tana ruɓewa a cikin ruwa.

Darasi na 4: Aski na biyu

Idan sababbin rassa suka kai santimita 20, taƙi ɗaya, a rage kowane zuwa santimita 10. Lissafi: 20 a raba biyu, 10. Rabi ya tafi, rabi ya zauna. Nan ma sama da ido, a karkace. Rassan za su sake fitar da wasu, su ma a yi musu haka. Ana iya maimaitawa har sau huɗu kafin itace ya fara fure. Guntayen da aka cire ganye ne mai taushi, a sa a miya.

Darasi na 5: Tsohon itace

Wanda zogalensa ya riga ya wuce katanga, ya sare shi a tsawon mita 1 daga ƙasa, wajen ƙugu. A sa zarto ko adda mai kaifi, wani ya riƙe saman don kada ya tsage wajen faɗuwa. Kada a yi wannan a Afrilu ko farkon Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, sai in akwai ruwan ba shi kullum. A jira gab da damina, cikin Yuni.

Darasi na 6: Abin da aka sare

Reshe mai kauri, tsawon mita 1, ana iya dasa shi. A binne kashi ɗaya cikin uku, idanu suna kallon sama. A kula da gara. Ganye kuma a wanke, a shanya a inuwa.

Aikin gida: kowa ya zo ranar Asabar da guntun da ya yanke, mu auna shi a aji.