Kurakuran masu neman zama gwanayen piyano da malaman kiɗa a jami'a

Kuskuren da ya fi ɓarna shi ne ɗaukar ciwon hannu a matsayin shaidar ƙwazo. Ɗalibi zai yi ta maimaita wuri guda mai wuya awanni a jere, wuyan hannu na zogi, yana daurewa. Leon Fleisher, gwanin piyano na Amurka, yana tsakiyar ganiyarsa a 1964 yatsu biyu na hannunsa na dama suka fara lanƙwashewa, lalurar jijiya da ake kira distoniya, kuma ya shafe kusan shekara 30 yana kiɗa da hagu kaɗai. A karkasa atisaye gajere-gajere, a sassauta gudu, a bar nauyin damtse ya danna maɓallan maimakon ƙarfin yatsa. Ciwo in ya kwana biyu bai tafi ba, likita ne nasa.

Sai masu ɗora rayuwa kacokan a kan gasa. Gasar piyano ta Chopin a birnin Warsaw na Poland, wadda aka fara a 1927, sau ɗaya ake yin ta duk shekara 5, kuma ra'ayin alƙalai riga ne. A 1980 an cire wani ɗan takara, Ivo Pogorelich, kafin zagayen ƙarshe, har gwanar piyano Martha Argerich ta fice daga alƙalancin don fushi, amma hakan bai hana shi suna ba. Wanda ya iya raka mawaƙi ko mai goge, kuma yana karanta rubutun kiɗa nan take, ba ya jiran kambu kafin a neme shi.

Hadda ma akwai gyara. In yatsu kaɗai suka riƙe kiɗa, tuntuɓe ɗaya a kan dandamali ya isa. A saba farawa daga tsakiya, a kuma kaɗa hagu shi kaɗai da ka.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne raina koyarwa, a mai da ita mafakar wanda dandamali ya ƙi. Fleisher ya fara koyarwa a makarantar kiɗa ta Peabody da ke Amurka tun 1959, hannunsa lafiya lau. Yawancin jami'o'in Amurka suna neman digiri na uku a fannin kiɗa, wato DMA, daga malaman da za su ɗauka, kuma mai neman aikin kan koyar da ɗalibi a gaban kwamiti. A nan ake gane wanda ya iya kaɗawa amma bai iya bayyana yadda yake yi ba. A fara ɗaukar ɗalibai tun ana karatu, har da yara 'yan koyo, domin su ne ke tilasta wa malami bayani dalla-dalla.